Yadda Ake Rubuta Labarin Masu Cizo Don Matasa: Tsira da Soyayya a Bakin Kogin Nilu

Labarin zombi, wato mutanen da suka rikiɗe suna bin 'yan'uwansu da cizo, ya samu karɓuwa a wajen matasa ta hanyar finafinai da wasannin waya. Kalmar ta fito ne daga camfe-camfen mutanen Haiti, siffar da aka fi sani yau ta masu cin naman mutane kuwa wani fim ɗin Amurka na 1968 ne ya kafa ta. Mai son rubuta irinsa da Hausa don matasanmu na Sudan yana da wata matsala da marubucin Amurka ba shi da ita. Yaron da ya girma a Madani ko Sinnar ko Gadarif ya san yadda gari ke watsewa. Tun daga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke a Sudan, ya ga mutane sun fita da abin da hannu zai iya ɗauka, ya san nauyin jarka, ya san tsawon hanya. Zai yafe maka dodon da ka ƙirƙira, amma in ka sa tsohuwa ta yi tafiyar kilomita 60 a yini guda, nan take zai rufe wayarsa. Don haka yawancin aikin da ke gabanka lissafi ne.

Mataki na farko: ka yanke ko gawa ce ko cuta

Wannan shawarar ita ke riƙe da sauran littafin. Masu karatunka Musulmi ne, kuma sun san mamaci ba ya tashi sai ranar tashin alƙiyama. In ka ta da gawa daga kabari, rabin masu sharhi za su bar labarin su koma muhawarar aƙida. Akwai ba'ati a tatsuniyoyin Sudan, mutumin da ake cewa ya dawo bayan an binne shi, akwai kuma fatalwa a namu, amma waɗannan ɗaiɗaiku ne, ba sa cika gari. Cuta ta fi dacewa, kuma akwai wadda za ka ɗora a kai: ciwon haukan kare, wanda ake kira sa'ar da Larabcin Sudan.

Ga abin da aka sani game da shi. Yana shiga ta yawu idan dabba ta yi cizo ko yawunta ya taɓa rauni. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, kuma cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin tasiri. Mai ciwon yana rikicewa, yana dalalar da yawu, maƙogwaronsa yana shaƙewa idan ya yi ƙoƙarin shan ruwa har ya koma tsoron ganinsa. Da zarar alamu sun fito, kusan babu mai tashi. Taimakon farko shi ne wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a nemi allurar rigakafi. Ka ɗauki wannan ka sauya abu biyu kawai: ka gajarta kwanakin, ka sa mutum ya riƙa harbin mutum.

Sai ka samu takarda guda ka rubuta dokokin cutar, ka manna ta inda kake rubutu. Awa nawa daga cizo zuwa rikiɗa? Gudu suke yi ko jan ƙafa? Me ke jawo su, ƙara ko haske ko wari? Suna gane 'yan gidansu? Me ke tsayar da su? Kwana nawa suke yi kafin su mutu? Tambayar farko ta fi kowacce amfani. Idan rikiɗa tana faruwa cikin minti ɗaya, babu bankwana, babu ɓoye rauni, babu wasiyya. Idan ka ba ta kwana uku, ka samu babi shida na mutumin da ke ja da hannun rigarsa yana rufe cizo, da wadda ta gani ta yi shiru.

Tambayar ƙarshe kuma ita ce inda sababbin marubuta ke faɗuwa. Mutum mai rai da ba ya iya shan ruwa, a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ba zai wuce 'yan kwanaki ba. To me zai sa bala'in ya kai wata biyu? Dole ka amsa. Kana iya sa su riƙa lafewa a inuwa da rana su fito da dare, kana iya fara labarin a kharif, wato damina, lokacin da ƙasa ke da damshi, ko ka sa sababbin waɗanda aka ciza su riƙa maye gurbin waɗanda suka mutu, annobar tana bin hanyar mota gari bayan gari. Tsoron ruwan nan kuma kyauta ce a gare ka: kowace tashar ban-ruwa, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki a Jazira, yankin da Madani take, ta zama katanga, kogi ya zama mafaka.

Kada mutanen cikin labarin su riƙa cewa zombi. Mutane sukan laƙaba wa abin tsoro suna mai sauƙi: masu cizo, 'yan yawu, ko kuma tsohuwa ta ƙi kiran sunansu gaba ɗaya ta ce "mutanen can". Kuma ka kiyaye, kada masu cizonka su yi kama da wata ƙabila ko wani ɓangare na yaƙin da ake ciki. Cutar ta kama liman, ta kama ɗan kasuwa, ta kama 'yar gidan su jarumar.

Mataki na biyu: taswira

Labarin tsira tafiya ce daga wani wuri zuwa wani. Zaɓi wuraren da ka taka da ƙafarka. Misali mai kyau shi ne daga Wad Madani zuwa Mai Wurno. Daga Madani zuwa Sinnar kusan kilomita 100 ne, Mai Wurno kuma tana ɗan gaba kaɗan ta kudu, a bakin kogin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu. Lafiyayyen matashi yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, amma da kaya da zafi da buya, kilomita 20 a dare ya yi ƙoƙari. Dare shida ke nan. Sa tsohuwa da yaro ɗan shekara shida a cikin ayarin, ya koma dare goma ko fiye. Wannan lissafin shi zai ba ka yawan babi.

Hanyar tana da abubuwan da za ka yi amfani da su. Madatsar ruwa ta Sinnar, wadda aka gama a 1925, tsawonta ya kai kusan kilomita 3, kuma ana tsallake kogi ta kanta. Hanya ce siririya mai ƙofa biyu, in aka rutsa ka a tsakiya babu dama babu hagu, wurin ya isa a ajiye masa babban babi. Ƙasar Jazira baƙin laka ce, in ruwan sama ya sauka tana riƙe tayar mota da ƙafar jaki, takalmi ma sai ta cire maka. A watan Agusta da Satumba kogin yana cika ya yi ja da laka, igiyarsa ba ta raina gwani. Habub, guguwar ƙura, tana rufe ido a tsakar rana, tana ɓoye ka daga masu cizo, tana kuma raba ka da ƙanenka.

Mai Wurno tana da wani nauyin daban. Garin ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja mutane gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakannin masu karatunka da yawa da ƙafa suka iso ƙasar nan, wasu a hijira, wasu a hanyar hajji da ta ɗauke su shekaru. Tsohuwar da ke cikin ayarinka tana ɗauke da labarin wannan tafiyar daga bakin tata kakar, kuma ta san abubuwan da yaran birni ba su sani ba. Kada ka kashe ta a babi na biyu don ka samu hawaye da wuri.

Mataki na uku: ruwa, abinci, rauni

A nan ake gane wanda ya yi aikinsa. Mai tafiya a zafi yana buƙatar aƙalla lita 4 na sha a rana. Mutum biyar, lita 20, wato jarka guda cur kowace rana, kuma nauyinta kilo 20 ne. Babu mai ɗaukar ruwan kwana uku a ka. Ko dai su samu karo da jaki, shi ma jakin sai ya sha nasa kuma kukansa yana tona asiri, ko su bi gefen ruwa. Saboda haka kowane babi ka san lita nawa ta rage, ko da ba ka faɗa wa mai karatu ba.

Ruwan tasha da na kogi ba a shansa haka. Da farko a bar shi ya kwanta ko a tace da ƙyalle. Matan bakin Nilu sun daɗe suna daka 'ya'yan zogale su zuba a ruwa mai laka don dattin ya kwanta, wannan aikin tsohuwarka ne. Tacewa ba ta kashe ƙwayar cuta, sai an tafasa ya yi bori na minti ɗaya cikakke. In babu halin hura wuta saboda hayaƙi zai nuna inda suke, ɗigo biyu na ruwan kulorin wanki marar ƙamshi a lita guda, a jira minti 30. Ka ga yanzu ko kwalbar kulorin ta zama abin da za a yi faɗa a kai. Wanda ya yi gaggawa ya sha ɗanye, gudawa za ta kama shi, kuma a irin wannan tafiyar gudawa ta fi masu cizo kisa. Maganinta a rubuce yake: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gishirin ya yi yawa, cutarwa zai yi. Shiga tashar ban-ruwa don tsere wa masu cizo kuwa yana da farashinsa, domin tsargiya ta yi katutu a ruwan Jazira, sai dai ba ranar take nunawa ba, sai bayan makonni. Ka ajiye ta don ƙarshen littafi. Sauro da zazzaɓin cizonsa kuma ba sa jiran kowa a kharif.

Abinci ya fi sauƙi. Kusan rabin kilo na hatsi ga mutum a rana, wato kilo biyu da rabi ga ayarin mutum biyar. Abin da ke jure hanya shi ne garin dawa, weka (garin busasshiyar kuɓewa), sharmut (busasshen nama), dabino, gyaɗa, gishiri da sukari. Kisra, siririyar waina ta dawa, tana son ƙullu mai tsami da wuta da zama, masu gudu ba su da ko ɗaya, asida, wato tuwo, ta fi musu. Ka bar agashe da godogodo su zama abin tunawa, abin da saurayin ke lissafawa da dare don ya ba yarinyar dariya alhali cikinsu na kuka.

Waya za ta mutu. A Fabrairun 2024 an ga yadda layukan sadarwa suka ɗauke a yawancin ƙasar, kuɗin da ke cikin Bankak, manhajar banki ta waya, ya zama lamba kawai. Ka ba wayar kwana biyu, sai in akwai ƙaramin faifan sola. Raksha, wato babur mai ƙafa uku, da mota suna da ƙara kuma mai yana ƙarewa. Keke ya fi su amfani, marubuta kuma suna mantawa da shi.

Batun makami: yaro ɗan shekara 17 bai iya bindiga ba, kuma ƙararta tana tara masu cizo. Sanda, lauje, gadon angareb da aka tokare ƙofa da shi, tsayin katanga. Hannun riga mai kauri ko kwali da aka naɗe a damtse yana tare haƙori. Yawancin nasarar jarumanka ta zama kauce wa faɗa.

Mataki na huɗu: mutanen

Biyar sun isa, shida sun yi yawa ga mai karatu a waya. Yarinya 'yar shekara 16 ko 17, saurayi sa'anta ko ya ɗan girme ta, tsohuwa, ƙaramin yaro, da wani babba da ba a gama yarda da shi ba. Kowa da abin da ya iya da abin da yake ɓoyewa. Yarinyar tana shirin jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, tana burin aikin jinya, don haka ita ta san lissafin sukari da gishiri. Saurayin ɗan khalwa ne, wato makarantar allo, da ke gyaran keke a kasuwa. Ka cire iyayen daga fage da dalili mai ƙarfi, uban yana aiki a Saudiyya, uwar ta riga su tafiya Mai Wurno jinyar 'yar'uwa, domin littafin matasa yana buƙatar matasan su yanke shawara da kansu.

Bakinsu ya zama na nan. Bahaushen Sudan yana cakuɗa Hausa da Larabci ba tare da ya lura ba, yana cewa habboba maimakon kaka, yana cewa khalas, yana cewa ma'alesh. Ka yayyafa kaɗan yadda mai karatu a Kano ko Maraɗi zai gane daga yanayin magana.

Mataki na biyar: soyayyar

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwaso soyayyar finafinan waje, runguma a babi na biyar. Mai karatunka ba zai yarda ba, kuma ka zubar da abin da ya fi komai ƙarfi a hannunka, wato kunya. Duniya ta rushe, babu uba babu kawu babu ɗan aike, amma yarinyar nan har yanzu ba ta iya kiran sunansa a gaban kakarta. Wannan tazarar ita ce labarin. Habboba da ƙaramin yaro suna hana su kaɗaita, don haka kowace kalma sai an sace ta.

Ka gina soyayyar da kayan tsira. Tsara matakai kamar shida ka rarraba su a littafin: rashin yarda da farko, sai bashi (ya cece ta ko ta cece shi), sai kulawa a ɓoye, sai sirrin da suka haɗa, sai saɓani na gaske a kan shawarar rai da mutuwa, sai furuci. Kulawa a ɓoye ita ce inda za ka daɗe. Ga irin abin da ake nufi:

Da Sa'adiyya ta ɗaga jarkar sai ta ji nauyinta bai ragu yadda ya kamata ba. Ta dubi leɓen Bashir, ya tsage.
"Yaya Bashir, jiya ba ka sha rabonka ba."
"Na sha."
"Habboba, ki ce masa ya sha."
Tsohuwar ba ta ɗago daga carbinta ba. "Ke da kika ƙirga masa, ke za ki ba shi."

Babu kalmar so a ciki, amma kowa ya ji ta. Lura kuma da "Yaya" ɗin nan. Ranar da ta kira shi Bashir kawai, a tsakiyar madatsa da masu cizo a bayansu, mai karatu zai san abin da ya faru ba sai ka yi bayani ba.

Saɓanin ya zama wanda kowannensu ke da gaskiya. An ciji ƙaramin yaron a ƙafa. Ita ta wanke raunin minti 15 tana cewa wataƙila bai shiga ba, shi yana ƙirga awa yana tunanin sauran mutum uku. Kishiya ko saurayi na biyu da aka cusa don a ja labari ba ya kai wannan zafi. Kuma tunda jarumanka yara ne, soyayyar ta tsaya a kallo da magana da alkawari. In za a yi maganar aure, ta zo a ƙarshe, a gaban manya, a matsayin abin da ake fata nan gaba.

Mataki na shida: addini a cikin tafiya

Littafin da Musulmi biyar suka yi kwana goma a hanya babu wanda ya tuna da salla ƙarya ne. Kuma fiƙihu ya riga ya tanadi hukuncin irin wannan hali: taimama idan ruwa ya yi ƙaranci, ƙasaru ga matafiyi, sallar tsoro da aka ambata a Suratun Nisa'i, halaccin cin mushe ga wanda ya matsu. Ɗan khalwanka ya san waɗannan, a nan iliminsa ke zama abin tsira. Kiran salla kansa ya zama tambaya a garin da ƙara ke jawo mutuwa.

Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Ɗora wannan a ƙofar Mai Wurno. Mutanen gari sun tare hanya, suna da hujja. Jarumanka suna waje da yaro mai rauni, uwarsu tana ciki. Babu mugu a wurin, kuma wannan ya fi kowane shugaban 'yan fashi da za ka ƙirƙira. Haka ma tambayar ko mai cizo mutum ne marar lafiya da jininsa ke da alfarma, da yadda za a yi wa gawarsa sutura ba tare da an taɓa yawunsa ba. Ka bar mutanen labarin su yi gardama. Kada ka ƙirƙiri aya ko hadisi ko fatawa, in za ka sa hukunci a bakin malami ka tambayi malami tukuna.

Ka kuma tuna cewa mutanen nan ba sa watsewa kowa ta kansa kamar yadda finafinai ke nunawa. Akwai nafir, irin gayyarmu, akwai takiyya inda unguwa ke haɗa tukunya guda ta ciyar da kowa. Ayarinka ya ci karo da irin wannan aƙalla sau ɗaya, mata suna tuƙa asida a bayan katangar makaranta, samari suna gadi a kan rufi.

Mataki na bakwai: tsari da fitarwa

Ga mai karatu a Wattpad ko zauren WhatsApp, babi mai kalma 1,200 zuwa 1,500 ya isa. Babi 40 zai ba ka littafi mai kalma kusan 50,000 zuwa 60,000. Biyar na farko su nuna rayuwa kafin ɓarkewa da daren da ta ɓarke, kuma cizon farko kada ya wuce babi na uku. Wajen 25 a hanya, sauran a ƙofar gari da abin da ya biyo baya. Kada masu cizo su bayyana a kowane babi, ido yana sabawa. Bayan kowane hari ka ba da babi biyu na ƙishi da gardama da gyaran takalmi. Jini kuma a taƙaice, sautin abin da ke faruwa a bayan ƙofa ya fi bayanin hanji tsoratarwa.

Rubuta babi goma kafin ka saki na farko, domin wuta da intanet ba su da tabbas, masu karatu kuma suna gudu in aka yi mako biyu shiru. Sa allon rubutun Hausa na Gboard don ka samu ɓ da ɗ da ƙ. Da yawa daga matasanmu a nan da Larabci suka yi makaranta, suna jin Hausa sarai amma karatun boko yana musu nauyi, saboda haka ka riƙa naɗar kowane babi da murya kana turawa tare da rubutun. Karantawa da ƙarfi tana kuma tona jimlar da ba Hausa ba ce.

Kafin fitarwa ka zana jadawali mai layi huɗu ga kowane babi: rana ta nawa, kilomita nawa aka ci, lita nawa ta rage, awa nawa tun da aka ciji wane. Bi shi daga farko zuwa ƙarshe da takardar dokokin cutar a gefe. A nan za ka tarar jarkar da ta ƙare a babi na 12 ana sha daga cikinta a na 14, ko wanda ya kamata ya rikiɗe ranar Talata yana hira ranar Alhamis. Sannan ka ba mutum biyu su karanta, matashi ɗaya da zai gaya maka inda ya gaji, da babba ɗaya da ya taɓa bin hanyar Madani zuwa Sinnar da zai gaya maka inda ka yi ƙarya.